Dalilin Wanke Hannu Da Sabulu

Kullum muna ce muku ku wanke hannu da sabulu. To, yau ga dalili.

Akwai ƙwayoyin cuta ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, ana kiransu bairas. Irinsu ne ke kawo kyanda, da korona, da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969. A cikin kowace ɗaya akwai wani siririn zare da likitoci ke kira RNA. Shi ne ke ɗauke da umarnin yadda ƙwayar za ta hayayyafa. Zaren nan ba shi da ƙwari, shi ya sa yake naɗe cikin rigar maiƙo.

Ƙwayoyin halittar jikinmu su ma fatar maiƙo ce ta rufe su. Kun ga yadda ɗigon man gyaɗa biyu ke haɗewa a kan miya? To, haka rigar ƙwayar cutar ke haɗewa da maiƙon jikinmu, sai zaren ya shige, ciwo ya soma.

Kwano mai maiƙo ba ya fita da ruwa kaɗai, sai da sabulu. Haka nan sabulu ke yayyaga rigar nan. In ta yage, zaren ya rasa hanyar shiga, ƙwayar ta lalace.

Saboda haka:
Ki cuɗa hannu da sabulu har daƙiƙa 20, da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce.
A zuba miki ruwa da buta, kada kowa ya tsoma hannu a kwano ɗaya.
Ki wanke bayan kin fito bayan gida, bayan kin yi wa yaro tsarki, da kafin girki ko ba da nono.
Ki rufe abinci, domin fitsari da kashin ɓera ke yaɗa Lassa.

Amma ku lura, sabulu ba ya maye gurbin riga-kafi. Ƙwayar shan inna ba ta da rigar maiƙo, sai an ɗiga wa yaro maganinta a baki. Kyanda kuwa ta iska take bi, don haka a kawo yaro allura yana wata 9, a sake yana wata 15.

Ku riƙe katin awo da kyau. Allah Ya raya mana su.