Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa a Ajin Koyon Aikin Lauya



An nemi in yi magana a kan shigar na'ura mai ƙwaƙwalwa cikin koyon aikin shari'a. To, bari mu faro daga Amurka, domin a can aka soma gwada abin.

A shekarar 1870 Christopher Langdell ya zama shugaban makarantar shari'a ta Jami'ar Harvard, ya fito da hanyar koyarwa wadda ta game duniya: a ba ɗalibai hukunce-hukuncen da alƙalai suka yanke, su karanta, sa'an nan malami ya tsayar da ɗaya daga cikinsu ya yi ta jefa masa tambayoyi. Hanya ce mai kyau, amma tana da naƙasu. A ajin mutum ɗari, ɗaya ke shan tambaya, sauran suna zaune suna addu'a kada a kira sunansu. Wanda bai gane ba kuwa, sai ranar jarrabawa asirinsa ke tonuwa.

Wannan giɓi ne waɗansu malamai, irin su Roger Park na Jami'ar Minnesota, suka tashi cikewa a shekarun 1970. Suka riƙa rubuta darussa a kwamfuta: ta kawo wa ɗalibi wata ƙara, ta tambaye shi, a misali, ko kotu za ta karɓi shaidar mutumin da bai gani ba, ji kawai ya yi. In ya kuskure, nan take ta nuna masa inda ya baude, ta sāke jefo masa wata tambayar. A 1982 makarantun shari'a na Minnesota da Harvard suka kafa cibiyar CALI don wannan aiki, darussanta kuma yanzu sun wuce 1,000. Amfanin a fili yake. Na'ura ba ta gajiya, ba ta fushi, ɗalibi kuma ba ya jin kunyar yin kuskure a gabanta.

Sai dai fa, jama'a, waɗannan darussa malamai ne suka zauna suka rubuta kowace amsa, suka tantance ta. Na'urorin yau masu ƙirƙiro amsa da kansu daban suke. A 2023, a wata kotun tarayya ta birnin New York, lauyoyin wani mutum da ya kai kamfanin jiragen sama na Avianca ƙara suka kafa hujja da hukunce-hukunce shida waɗanda ChatGPT ya ba su. Da aka bincika, ashe ba a taɓa yanke ko ɗaya daga cikinsu ba. Alƙali ya ci su tarar dala 5,000, ga zubewar mutunci. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Saboda haka shawarata gare ku, ku da za ku wuce Makarantar Horon Lauyoyi da ku da ke rubuta takardu a ofisoshin gwamnati, ita ce: ku bar na'ura ta yi muku tambaya iyakar son ranta, amma duk hukuncin da ta ambata, ku nemo shi a littafin rahoton shari'o'i ku karanta da idonku. Ranar da aka tsaya gaban alƙali, sunanka ne a ƙasan takarda, gona ko 'yancin wani bawan Allah kuma na hannunka.