Gadar Dutse Mai Ƙarko



Yau zancen gada za mu yi. Hanyar da ta ratsa Tanut zuwa Agadas, ita ke kaiwa Aljeriya. Can a birnin Kustantin akwai gadar Sidi Rashid, bisa kwazazzabon kogin Rumel. An buɗe ta a 1912. Da dutse aka gina ta, baka bayan baka, irin ɗaurin gugar maginanmu. Kowane dutse na tokare da ɗan'uwansa. Har yau motoci na bi.

Mu a Damargu fa? Ba mu da irin wannan kwazazzabo, amma muna da koramu. Ruwa ɗaya, korama ta yanke hanya, hatsi ya kasa isa kasuwa.

Hukumomi, in za a gina mana gada, a gina mai ƙarko. Mu kwana nan.