Antaktika: Baƙi Sun Yi Yawa



Gani ya kori ji, shi ya sa masu hannu da shuni ke tururuwa zuwa Antaktika, nahiyar ƙanƙara da ke ƙarshen kudancin duniya. Daga Nuwamba zuwa Maris, jiragen ruwa na tashi daga Ushuaia a Ajantina, su kwana 2 suna keta mashigin Drake mai tsananin igiyar ruwa, sannan a sauke fasinjoji a ƙananan kwale-kwalen roba su je kallon tsuntsayen fengwin.

A kakar 2023 zuwa 2024, baƙin sun haura 100,000. Ƙungiyar IAATO, wadda kamfanonin yawon buɗe ido suka kafa a 1991, ta hana sauke fiye da mutum 100 a wuri guda lokaci ɗaya, kuma ana wanke takalman kowa don gudun kai cuta. Amma hatsari na nan: a 2007 ƙanƙara ta huda jirgin Explorer ya nutse, sai dai an ceci kowa.

Ɗan kasuwa ba zai taƙaita cinikinsa da kansa ba. Ya kamata ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Antaktika ta 1959 su ƙayyade yawan baƙi, domin rigakafi ya fi magani.