Iyakar Aikin Nas da Tazarar da ke Tsakanin Doka da Ƙauyukan Abaji



An ce in yi magana kan dokar da ke tsare aikin jinya da kuma inda hurumin nas ya tsaya. Dokar ba sabuwa ba ce. Tun 1930 Turawan mulki suka kafa hukumar ungozomomi, ta ma'aikatan jinya ta biyo baya a 1947, sannan dokar soja mai lamba 89 ta 1979 ta haɗe su, aka sami Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, NMCN. Ita ke amincewa da makaranta, ta shirya jarrabawa, ta yi rajista, ta ba da lasisin da ake sabuntawa duk shekara 3 bayan kwas ɗin ƙaro ilimi. Tana da kotun ladabtarwa da kan iya soke sunan mutum daga rajista. A rubuce dai babu abin da aka rage.

Abin da nake so mu duba shi ne: iyaka tana kare majiyyaci ne kawai idan akwai wanda zai karɓe shi a ɗaya gefen. A garin Abaji akwai babban asibiti, ga titin Abuja zuwa Lokoja, ga asibitin koyarwa a Gwagwalada. Amma mazaɓun ƙaramar hukumar nan 10 ne, kuma wanda ya san hanyoyin Gawu da Gurdi da damina ya san "a kai ta babban asibiti" ba ƙaramar magana ba ce.

Ku ɗauka ƙarfe biyun dare ne a ƙaramin asibitin ƙauye. An kawo mai ciki a kan babur, an riƙe ta a tsakiya, ƙafafu sun kumbura, tana jijjiga. Ungozoma ɗaya ce a bakin aiki, fitilar waya a baki. Ta kwantar da ita ta gefen hagu, ta auna jini ta ga ya hau, ta yi mata allurar farko ta magnesium sulphate. Har nan tana cikin huruminta, domin manufar raba ayyukan lafiya da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2014 ta buɗe wannan ƙofa, har ga jami'an lafiyar al'umma da suka sami horo. Abin da ya rage shi ne ta tura ta gaba. To da wace mota? Maigidan yana waje yana ciniki da direban da ya ce sai gari ya waye. Duk abin da ungozomar nan za ta yi daga nan zuwa asuba, aikin da ya kamata likita ya tsaya a kai ne. In an dace, ba mai tunawa da ita. In abu ya ɓaci, lasisinta ne ke cikin haɗari, ba na wanda bai samar da motar ba.

Wannan daban take da wata matsalar da muke yawan cakuɗa su, wato 'yan ogzilari. Yarinya ta gama sakandare, ta yi shekara biyu a wani asibitin kuɗi tana kallon yadda ake allura da ƙarin ruwa, aka yaye ta, ta ɗinka farin kaya, unguwa ta fara kiran ta nas. Ba na raina ƙoƙarinta, neman abinci ne ya kai ta. Sai dai ta iya samo jijiya, ba ta san dalilin da ya sa ba a sakar wa yaro mai tamowa ruwa da gudu ba. Ta iya tsira allura a ɗuwawu, ba ta san inda babbar jijiyar ƙafa ta bi ba, shi ya sa muke ganin yara suna jan ƙafa bayan zazzaɓin da da ƙwaya ma zai warke. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Majalisa kuma ba za ta soke sunan da bai taɓa shiga rajistarta ba. Maganar ta koma hannun masu sa ido kan asibitocin kuɗi na Babban Birnin Tarayya da 'yan sanda, su kuwa sai an kai musu ƙara.

Giɓin da ƙwararru suka bari ne 'yan ogzilari ke cikewa. A Fabrairun 2024 magatakardan Majalisar, Faruk Umar Abubakar, ya ce sama da ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara 3. A watan ne aka fito da sharaɗin sai mutum ya yi aikin shekara 2 kafin a tantance masa takardun fita, ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. A ganina, hana nas tafiya Ingila ba zai kai ta Yaba ta nan Abaji ba. Gida mai ruwa da wuta, albashi kan lokaci da tsaro ne za su kai ta.

Akwai abin da Abaji za ta iya yi ba tare da jiran sabuwar doka ba. Kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya kafa allo a bakin ƙofa da sunan kowane ma'aikaci, matakinsa, lambar lasisinsa da ranar ƙarewarsa, don uwa ta san ko nas ce ke duba ɗanta ko jami'ar lafiyar al'umma, wadda ita ma tana da tata hukumar rajista tun 1992. Kowane ƙaramin asibiti ya sami rubutaccen umarni da sa hannun likitan da ke kula da yankin, mai fayyace abin da nas za ta yi idan tura majiyyaci ya gagara, da lambar da za ta kira a ɗauka. Kwamitocin raya mazaɓu su daidaita da direbobin tasha tun kafin dare ya yi.

Ga iyayenmu sarakuna kuma, tunda Mai Martaba Ona na Abaji ne ke shugabantar majalisar sarakunan Babban Birnin Tarayya, roƙona shi ne kowace mazaɓa ta zaɓi 'ya'yanta mata masu sakamako mai kyau a kimiyya, a ɗauki nauyinsu zuwa kwalejin jinya ta Gwagwalada, bisa yarjejeniyar za su dawo su yi aiki a garuruwansu.