Wanda ya rubuta manhaja ya tafi Yamai, wa zai gyara ta?

Ƴan'uwa matasa na Illela, da waɗanda suka taso daga Konni da Malbaza da Badagishiri, sannunku da zuwa. Na san wasu sun ga taken jawabin nan sun ce wannan maganar ƴan kwamfuta ce, ba ta shafe su ba. Ku ɗan ba ni minti goma.

Da yawa daga cikinmu mun taɓa yin aikin tambayoyi gida-gida da waya, wa wata ƙungiya ko wani furoje, da KoboToolbox ko ODK. Ma'aikatan lafiya kuma suna shigar da alƙalumansu a DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ke kula da ita, wadda Nijar da Nijeriya duk suke amfani da ita. Waɗannan ukun buɗaɗɗun manhajoji ne. Ma'ana, umarnin da aka rubuta wa kwamfuta a fili yake, kowa na iya karantawa, ya kwafa, ya gyara, ba sai ya nemi izinin wani kamfani ba. Tunanin ya yi ƙarfi tun 1983, lokacin da Richard Stallman ya fara aikin GNU a Amurka, sannan Linus Torvalds ya fito da Linux a 1991. Wayar Android da ke aljihunka, a kan Linux aka gina ta.

To amma fa, a buɗe maka ƙofa daban, ka gane abin da ke cikin ɗakin daban.

A cikin rubutun manhaja akwai wasu layuka da kwamfuta ke tsallakewa, ba ta karanta su sam. Don mutum aka rubuta su. Sharhi ne da mai aikin ke bari wa wanda zai zo bayansa. Akwai kuma takardar da ake ajewa a bakin ƙofar kowane aiki, sunanta README, wato "karanta ni", mai faɗin mene ne wannan, yadda ake kunna shi, da wanda za a tambaya in ya lalace. Ba sabon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin malam na zaure ya ga ƙananan rubutu a gefen shafi, wani lokaci da ajami, inda wani almajiri ya fassara kalma mai wuya don na baya ya huta. Aikin ɗaya ne.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Wani kwamitin ruwa a wani ƙauye na yankinmu ya samu wani yaro mai hazaƙa ya haɗa masu ƴar manhaja ta lissafin kuɗin famfo: gida kaza, jarka kaza, bashi kaza. Ta yi aiki lafiya lau kusan shekara biyu. Yaron ya samu aiki a Yamai, daga nan ya wuce ƙasar waje, lambarsa ta daina shiga. Da aka kira ni in duba, na tarar da wani layi da ke cewa daga watan shida zuwa watan tara a raba kuɗin wasu gidaje goma sha ɗaya gida biyu. Babu ko kalma ɗaya da ke faɗin dalili. Ma'ajin kwamitin sabo ne, bai sani ba. Nan take magana ta tashi a gari cewa an yi wa dangin wani alfarma a ɓoye, har wasu suka daina biya. Sai da aka nemo wata dattijuwa da ta halarci taron farko, ita ta tuna cewa gidajen zawarawa ne da na marayu, kuma gari ne ya amince a sassauta masu a lokacin damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Layi ɗaya na bayani, da ranar taron, da ya kashe wannan rigimar tun ba ta tashi ba.

Darasin farko da masu wannan sana'a ke koya wa juna ke nan: kada sharhinka ya maimaita abin da umarnin ke yi, ya faɗi dalilin da ya sa ake yin sa. In ka rubuta "a nan ana raba kuɗi biyu", ba ka ƙara komai ba, mai karatu ya riga ya gani. Rubuta wanda ya yanke shawarar, da yaushe, da saboda me. Na biyu kuma, in ka canza umarni, ka canza sharhinsa. Tsohon bayanin da ya daina zama gaskiya ya fi rashin bayani haɗari, domin mutum zai yarda da shi ya bi, kamar allon hanya da ke nuna Tawa alhali an juya shi yana kallon Konni.

Haka abin yake a taswira. OpenStreetMap, wadda Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, taswira ce da kowa ke iya sa hannu, kuma duniya ta ga amfaninta bayan girgizar ƙasar Haiti a 2010, lokacin da masu sa kai suka zana titunan Port-au-Prince cikin ƴan kwanaki. Duk sanda ka yi gyara a cikinta, tana tambayarka ka rubuta abin da ka canza da inda ka samo labarin. Mu kuwa sai mu danna harafi ɗaya mu wuce, don megas suna ƙarewa. Ka sa rijiyar burtsatse a taswira, ba ka faɗi ranar da ka gan ta ba, ba ka faɗi ko tana ba da ruwa ba. Bayan shekara uku wani a ofis ya buɗe, ya ga ɗigo mai cewa akwai ruwa a ƙauyen, ya kai sabuwar rijiya wani wuri. Matan ƙauyen kuwa suna nan suna tafiya da jakai.

Wani zai ce ai manyan gwanaye ba su ɓata lokaci da bayani. Ba haka ba ne. Umarnin kwamfutar da ta kai Apollo 11 duniyar wata a 1969, wanda ayarin Margaret Hamilton ya rubuta a MIT, an ɗora shi a GitHub a 2016, kuma cike yake da sharhi, har da barkwanci. Shi ya sa matasan da ba a haifa ba a lokacin suke iya bin sa yau.

Saura maganar harshe, kuma a nan na san ba za mu yarda da juna duka ba. Kalmomin umarnin na Turanci ne, ba mu da yadda za mu yi. Amma sharhi, tunda kwamfuta ba ta karanta shi, ba wanda ya hana ka rubuta shi da Hausa. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, duk suna cikin tsarin Unicode, suna zama daram a fayil. Ra'ayina shi ne, in aikin na kwamitin gari ne, a rubuta takardar bayani da Hausa tukuna, sannan Faransanci, saboda ma'aji da sakatare su ne masu shi, ba mai rubuta manhajar ba. In kuwa kana son wani a Dakar ko Nairobi ya taimaka maka, ƙara Turanci. Ina jin wasu abokaina da muka yi jami'a tare suna cewa rubuta Hausa a cikin manhaja ƙauyanci ne. Ni dai ban taɓa ganin kwamfutar da ta ƙi aiki saboda an yi mata sharhi da Hausa ba.

Mu da muke tashi kullum muna neman mahukunta su bayyana mana yadda aka kashe kuɗin komin, ya kamata a iya buɗe fayilolin ƙungiyoyinmu a gane su ba sai an kira mu ba. Don haka ga abin da nake roƙo kafin mu watse. Duk wanda ke riƙe da wani fom na Kobo, ko jadawalin lissafi, ko lambar sirrin shafin ƙungiya, ya ɗauki takarda yanzu ya rubuta abu uku: mene ne, ina yake aje, kuma wa zai karɓa in shi ya yi tafiya. Akwai biro a teburin baya. In an gama, a miƙa wa sakatariya, sai mu shiga tambayoyi.