Hawan Jinin Iyayenmu Mata



Mun saba ɗora hawan jinin iyayenmu mata a kan ɓacin rai kaɗai. Alhali kuwa akwai wani sinadari a jikin mace, istirojin, wanda ke tausasa jijiyoyin jini. Idan al'ada ta ɗauke, wajen shekara 50, sai ya ragu, jijiyoyin su yi tauri, jini ya hau. Ciwon kuwa ba ya sallama. Wani lokaci shanyewar ɓarin jiki ce alamarsa ta farko.

Saboda haka in mun je gida hutu, mu raka su asibiti a gwada. Idan awo ya yi ta kaiwa 140/90, a bi shawarar likita, a rage gishiri da kanwa a girki. Wannan ma biyayya ce.