Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya

Kowace 15 ga Janairu Najeriya ke tunawa da 'yan mazan jiya, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Akan fara da yi musu addu'a a masallatan Juma'a, ranar Lahadi kuma a majami'u.

Mu a Azare, ƙasar Katagum, mun san darajar zaman lafiya tun bama-baman 2014 a tashar mota da kasuwar waya. Cikin sojojin da suka kwanta dama a dajin Sambisa domin kare wannan zaman lafiya akwai Kiristoci da suka riƙe bangaskiyarsu har numfashin ƙarshe, rami ɗaya da abokansu Musulmi.

Jama'ar Katagum, furen kabari ba ya ciyar da maraya. Mu nemi iyalan waɗannan sojoji, mu share musu hawaye.